Iya da Irinta: Matan da Suka Riƙe Gidajen Ƙasar Auduga

Gaisuwa ga manoma da ke komowa daga gona, da direbobin da ke bisa hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, da iyayenmu mata da suka jingina rediyo kusa da murhu, suna aiki suna saurare.

Duk wanda ya tashi ba da tarihin wannan yanki namu na kudancin Katsina, da auduga yake farawa, kuma bai yi laifi ba. Zai gaya maka yadda Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tiƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Zai kawo kamfanin BCGA da gidajen gurzarsa na Funtuwa da Malumfashi, da gonar gwajin iri ta Daudawa, da hukumar auduga ta ƙasa wadda hedikwatarta ke nan Funtuwa har aka rushe ta a 1986. In mai son zance ne, sai ya ɗora da sunayen attajirai da dillalai da sarakunan noma, kuma za ka tarar duk maza ne.

Abin da ba a cika faɗa ba, a wancan zamani kuɗin auduga sau ɗaya ake kama su a shekara. Magidanci ya kai kayansa fuloti, malami ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora bisa sikeli, a ƙirgo masa. Kafin ya iso gida mai unguwa na jiran haraji, mai bashin bara na zaune a zaure, ga tufafin yara, ga bikin ƙanwa, wani kuma zuciya ta raya masa ƙarin aure. Bazara ba ta yi nisa ba aljihu ya koma yadda yake. To daga nan har sabon gero ya nuna, wa ke riƙe da tukunya?

Yau a kan ɗaya daga cikin masu riƙon nan zan yi magana, wato kakata, mahaifiyar mahaifina, wadda kowa a gida da unguwa ke ce wa Iya. Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ba zan ambaci sunanta na yanka ba. Mu jikoki ma sai da muka girma muka san shi. Na kuma tabbata kafin in gama, da yawa cikinku za su ce ai tasu nake nufi.

A wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi aka haife ta. Ba ta san shekarar ba, kuma abin bai taɓa damunta ba. Da abubuwan da suka faru take lissafi: wane shekarar fari aka haife shi, wance bayan canjin kuɗi aka yi mata aure, wato 1973 da naira ta karɓi gurbin fam da sule. Har ta koma ga Allah da tsohon lissafi take ciniki. In ta ce fam guda, naira biyu ke nan, in ta ce jaka, ɗari biyu, kuma ba a taɓa cutarta ko kwabo ba.

Sana'ar da ta tashi da ita kaɗi ce. Ba duk audugar gida ke zuwa fuloti ba. Matan da suka yi cira akan sallame su da ita, Iya kuma takan bi gona ta yi kala bayan an gama. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora auduga bisa magurji, ta murza da siririn ƙarfe, angurya na fita gefe guda. Anguryar ma ba a zubarwa, ta awaki ce. Daga nan ta ɗauki bakan shiɓa, tana fizgar tsirkiya cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, ta naɗa ta a kara. Sai mazari. Ta dangwali alli da yatsu biyu, ta murza shi cikin 'yar tasa, hannun hagu ya yi sama da auduga, zare na fitowa siriri ba ya tsinkewa. Tana yi tana hira, tana tsawata wa yaro, idonta ba ya kan zaren ma. Ranar kasuwar Bakori a ba yaro ya kai wa masaƙa, a sayo mata gishiri da kanwa, abin da ya rage ta jefa a asusu. Ni a ƙarshen abin na riske ta, lokacin da take yi don hannu ya saba, amma a gabana ta taɓa jan zare har mazari ya cika bai tsinke ko sau ɗaya ba.

Da yadin kanti ya yi arha, masaƙan ƙauye suka naɗe kayan aikinsu, kaɗi ya daina biya. Iya ta koma gyaɗa: suya, niƙa, matsa, ta fid da mai ta cika kwalabe, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, yara su fita talla. Tana cikin wannan aka shiga farin 1972 zuwa 1974. Ya fi tsanani can arewa, wajen Daura da ƙasar Nijar, amma mu ma ya taɓa mu. Hatsi ya yi tsada, baƙi kuma suka kwararo, Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare, suna bin ƙofofi. Ba a gama farfaɗowa ba, daminar 1975 annoba ta faɗa wa gyaɗa a duk Arewa, ganye ya nannaɗe, aka tona ba 'ya'ya. Daga wannan shekara dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Ana yawan ba da labarin asarar da 'yan kasuwa da gwamnati suka yi. Su kuwa mata masu ƙuli, jarinsu ne ya mutu a dare ɗaya, kuma ba wanda ya rubuta. Iya ta sayar da akuya, ta sayi kalwa, ta koma daddawa.

Akwai dabarar da ta fid da gidan a waɗannan shekaru, kuma mahaifina ne ya ba ni labarinta. A gidan gandu maigida ke buɗe rumbu ya ba da awo. Tun Iya na amarya uwar mijinta ta koya mata cewa duk ranar girkinta, kafin ta zuba hatsi a turmi, ta ɗebi cikin tafi guda ta zuba a wata randa da ke ƙuryar ɗaki. Ba mai ganin giɓin a tuwo. In randa ta cika, ta barbaɗa toka saboda ƙwari, ta kife kasko, ta liƙe bakin da laka, ta fara wata. Sai tsakiyar damina, lokacin marka, dawa na ciki, rumbu ya nuna ƙasa, maza na noma da yunwa, farashi a kasuwa ya yi tashin gwauron zabo. Ran nan take fasa laka. Ba tuwo ake tuƙawa da shi ba, don ba zai kai ba. Ta surfa, ta ɓarza, ta yi fate da rama da yakuwa, ko ta dafa tafasa da zogale ta kwaɗa, tsaki kaɗan ganye da yawa. Mahaifina ya ce a shekarar farin nan ba su ƙoshi ba, amma ba su taɓa kwana da wofi ba, kuma kowace rana akwai ƙoƙon wata Buzuwa da ta sauka da 'ya'yanta a bayan gida. Kakanmu ya san da randar, amma bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

A 1975 ɗin nan ne aka buɗe shirin noma na Bankin Duniya a Funtuwa, ɗaya daga cikin na farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe. Ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara, kuma shi ya aza harsashin masarar da yau ake lodi daga Dandume da Bakori da Funtuwa zuwa ko'ina. An amfana, ba musu. Amma malaman gona maza ne, a zaure suke tsayawa, maza suke yi wa bayani. Ban taɓa jin an aika cikin gida an tambayi mai randa yadda take ajiye hatsi shekara bai yi ƙwari ba. Ita kuwa Iya nata hukuncin a kan shirin gajere ne: tuwon masara fari ne a ido, amma ba ya kwana a ciki kamar na dawa.

Kada in sa ku ɗauka mace ce mai ɗaure fuska. Da aka yaye ni wurinta aka kai ni, kamar yadda ake yi, kuma tun daga nan na zama mijinta. In na shigo da safe sai ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane? Ni dai na gaji da wannan aure, a ba ni takardata." In ce, "Tsohuwa, ai ke kika ƙi kwalliya, amarya zan yi." Ta jawo muciya, in ruga. Ƙannena mata kuwa kishiyoyinta ne, kullum ana rigimar wa ta fi iya miya. Amma mahaifina, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. "Wancan ya dawo?" Iyakar tambayar ke nan. Zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Duk son da kunya ta hana ta nuna masa, a kanmu ta sauke shi, da ɗumamen safe da gyaɗa a ƙullin zane da tatsuniya har barci ya sace mu.

'Ya'yan da ta rasa suna ƙanana sun kusa kai yawan waɗanda suka rayu. Ƙyanda ta ɗauki biyu a mako guda. A zamaninta wannan ba abin mamaki ba ne, kusan kowane gida haka yake, shi ya sa ma a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da wata makarantar likitanci ta Liverpool suka zauna a Malumfashi suna nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sauran cututtukan karkara. Iya ba ta yawan maganar waɗannan yara. In ta yi, sai ta ce sun riga ta ne. Amma duk ranar da aka yi shelar allurar rigakafi, ita ke tattara jikoki ta sa su gaba har wurin, ko iyayensu sun so ko ba su so ba. Shekarar sanƙarau, 1996, ta hana mu kwana cunkushe a ɗaki, ta kwashe mu zuwa tsakar gida. Tawakkalinta bai taɓa hana ta ɗaure akuyarta ba.

Karatunta bai wuce Fatiha da ƙananan surori ba, amma ban taɓa farkawa da asuba na tarar da ita kwance ba. Azumin Litinin da Alhamis, Sitta Shawwal, da kwanon almajiri da ake fara zuba wa kafin na masu gida. Da makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, tana da furfura ta ɗauki jaka ta bi sa'o'in jikokinta. Mata suka yi ta dariya, malamar ma ta rasa yadda za ta gyara wa sa'ar kakarta karatu. Iya ta ce mata, "'Yar nan, gyara mini. Kunyar nan ta fi ta kabari sauƙi." A nan ta gyara Fatiharta, ta koyi hukuncin ƙabli da ba'adi, har ta fara kama mu da kuskure.

Bayan kakanmu ya rasu ta fita takaba, sai ta sa Makka a gaba. 'Ya'yanta suka ce ta bari su haɗa mata, ta ce a'a, da guminta take so. Akuya ta haifi awaki, awaki suka zama ɗan maraƙi a hannun wani Bafulatani, ga adashi da take zubi ba fashi. Shekaru aka ɗauka. Ranar da ta tashi daga Kano, shi ne karon farko da ta wuce Zariya. Ta dawo da haƙorin Makka da ruwan zamzam da tsaraba har ta almajirin gida, amma ba wanda ya iya sauya baki zuwa Hajiya. Iya ta ci gaba da zama Iya.

Jama'a, ranar rasuwarta duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa: mace mai haƙuri. Gaskiya ne. Amma ni wannan yabo yana ba ni tsoro, saboda yadda muka mayar da shi. An aurar da ita ba ta san mene ne aure ba. Rabonta na gonar mahaifinta bai taɓa zuwa hannunta ba; 'yan'uwanta maza ke nomawa, bayan girbi a aiko mata dami biyu, ta yi godiya sai ka ce kyauta aka yi mata, alhali haƙƙi ne da Allah ya yanka mata a Alƙur'ani. Hayaƙin murhu ya cinye mata ido, daka da ɗaukar ruwa suka ranƙwafar da baya. Idan muka tsaya ga cewa ta yi haƙuri, mun wanke waɗanda suka ɗora mata kayan. Kuma sau nawa kuka ji an ce wa yarinyar da ake zalunta a gidan miji, "Ke kin fi kakarki ne?"

Ita da kanta ba ta so a gaji wannan wahala ba. Da aka fara shirin karatun firamare na UPE a 1976, mutane da yawa a ƙauyukanmu ɓoye 'ya'ya mata suka riƙa yi, wasu har cikin rumbu. Iya tana da 'yar auta, kuma ita ce mai kai mata tallar daddawa. A sa ta makaranta, ciniki ya ragu ke nan, kuma ta sani. Ta kama hannunta ta kai ta. Wannan yarinya ita ta fara karanta wasiƙa a cikin matan gidanmu, daga baya ta zama ma'aikaciyar jinya. Haka kuma duk jikanya da za a kai ɗaki, kafin kwalla da langa, Iya sai ta tambaya wace sana'a ta iya. Tana cewa kiɗa ba na tsofaffi ba ne, amma in aka sako Barmani Choge, 'yar Funtuwa da ta rasu a 2013, wadda ta sha zaburar da mata a kan neman na kansu, sai ka ji ta ce, "Maigida, ƙara mini murya."

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance yau, irin Iya ba su ƙare ba, amma halin da suke ciki ya fi nata tsanani ta wata fuska. Ku duba abin da ta dogara da shi: akuya a turke, randa a ƙurya, ɗorawa a daji, kasuwa ranar kasuwa. Waɗannan su ne ainihin abin da ta'addancin 'yan bindiga ke ɗauke wa mace. A kore dabbobi, a ƙone rumbu, daji ya gagari mai neman kalwa da itace. Duniya ta ji labarin ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, ta ji yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a 2021. Abin da ba ta ji ba, tsohuwar da ta baro ƙauyenta a ƙasar Faskari ko Sabuwa ko Dandume da ƙafa, an kashe ɗanta, surukarta ta yi wani aure ko tana hannun ɓarayi, an bar ta da jikoki a kangon wani a Funtuwa ko Bakori ko Malumfashi. Ta iya daddawa, ta iya ƙuli, ta iya awara da kiwo, amma ba tukunya, ba jari. Macen da a ƙauyensu ita ke ciyar da almajiri, yau ita ke tsaye a ƙofar masallaci. Iya ta ga fari, amma a ɗakinta ta gan shi, da randarta a kusa.

Masu hannu da shuni da ƙungiyoyi suna raba shinkafa da azumi, Allah ya saka. Sai dai tiya biyu kwana nawa za ta yi? Wannan mata jarin buhun waken suya ko akuya mai ciki ya fi mata amfani, don ta fi mu sanin yadda ake juya shi. Ina kira ga kwamitocin zakka da na masallatan unguwanni, da shugabannin ƙananan hukumomi: a ƙidaya tsofaffin da ke riƙe da marayu a kowace unguwa, a ba su abin sana'a, a sa yaran makaranta ba tare da an nemi ko sisi ba.

Sai ku 'yan'uwana maza da ke noma gonar gado, alhali gwaggo ko inna na da rabo a ciki. Ku kira malami a raba, a nuna mata iyakarta tana da rai. Buhun da kuke aika mata bayan girbi ba ya sauke wannan nauyi.

Ku kuma samari da 'yan mata masu waya a hannu, ga wani aiki. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a ƙasar Giwa, nan kan hanyarmu ta Zariya, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau jami'o'in duniya da shi suke koyar da yadda matan Hausa suka rayu. Tsohuwa ɗaya ce tak aka saurara. Ni abin da na kawo muku na Iya, guntaye ne da na tsinta a ka da bakin mahaifina, muryarta kuwa ba mu da ita ko ta minti ɗaya. In taku na da rai, ku je da goro ko ɗan abin cefane, ku zauna, ku danna wayar nan. Ku tambaye ta sunayen kakanninta, da garin da suka fito, da abin da aka ci shekarar fari, da yadda ake sanin daddawa ta nuna. Za ta ce me za ku yi da zancen tsofaffi, ku dai ku nace, kuma kada ku jira sai Salla.

Allah ya jiƙan Iya da dukkan iyaye da kakanninmu da suka riga mu, ya ba waɗanda ke raye lafiya, ya mayar da na gudun hijira gidajensu.